Yadda Android da iOS suka cinye kasuwar waya, da inda ya kamata sabon mai haɗa manhaja ya fara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa manhajar waya. Na taso na ga Nokia da BlackBerry suna tashe, daga baya Lumia mai Windows ta shigo, amma yanzu duk sun ɓace, sai Android da iPhone. Me ya kashe su, alhali wayoyi ne masu ƙarko? Kuma ni da jarina bai taka kara ya karya ba, a kan wanne ya kamata in fara sakin manhajata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan karatu. Tambayoyin nan naka biyu jijiyarsu ɗaya, don haka idan ka gane abin da ya kayar da Nokia da BlackBerry da Windows Phone, rabin amsar ta biyun ya zo hannunka. Ƙarko ba su rasa ba, kuɗi ma ba su rasa ba. Masu haɗa manhaja irinka ne suka juya musu baya, kuma da lissafi suka yi hakan.

Ka ɗauki babbar manhajar da ke tafiyar da waya, wato dandali irin su Android ko iOS na iPhone, tamkar kasuwa. Kamfanin da ya yi ta shi ne mai fili da rumfuna, masu haɗa manhaja su ne 'yan kasuwa, masu sayen waya kuma su ne masu zuwa cefane. Ɗan kasuwa ba ya kasa kaya inda babu mai tayawa, mai cefane kuma ba ya ɓata kuɗin mota zuwa kasuwar da rumfunanta ke kulle. Kasuwar da ta riga ta ci kullum ƙara cika take yi, domin kowane sabon ɗan kasuwa yana janyo masu saye, masu sayen kuma su janyo wani ɗan kasuwar. Wadda aka gina daga baya, ko ta fi tsari da inuwa da famfo, sai ta daɗe tana jiran mutane. Gasar wayoyi tsakanin 2008 da 2015 a kan wannan ta gudana.

Kafin 2008 sayar da manhajar waya wahala ce tsagwaronta. Duk wanda ya riƙe Nokia a wancan zamani ya san fayilolin .jar da .sis da ake saukowa daga shafuka barkatai ko a tura ta Bluetooth, wani ya buɗe, wani ya ce satifiket ɗinsa ya daina aiki. Shi kuwa mai haɗawa, sai ya rubuta manhajar Symbian, dandalin wayoyin Nokia, da wani nau'in yaren C++ mai sarƙaƙiya, ya biya a sa masa hannu a ƙarƙashin tsarin Symbian Signed, ya gwada ta a kan wayoyi masu girman fuska daban-daban, sannan ya je ya roƙi kamfanonin sadarwa su sayar masa, su yanki kaso mai tsoka. Apple ta fitar da kayan aikin haɗa manhajar iPhone a watan Maris na 2008, ta buɗe kantin manhajojinta, App Store, ranar 10 ga Yuli na shekarar da manhajoji kusan 500. Sharaɗin a bayyane yake: ka biya dala 99 a shekara, ka sa farashinka, ka ɗauki kashi 70 cikin 100, Apple ta ɗauki 30. Girman fuskar waya ɗaya ne, kanti ɗaya ne, kuma miliyoyin mutane sun riga sun ajiye katin bankinsu a iTunes, kantin waƙoƙin Apple, saboda haka saye ya koma danna maɓalli. Kashi 30 ɗin da ake kuka da shi yau, a lokacin sauƙi aka ɗauke shi.

Google ta biyo wata hanyar. Ta sayi kamfanin Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da shi, HTC Dream, ta fito a Oktoban 2008. Ta ba masu ƙera waya babbar manhajar kyauta, ta sa kuɗin rajistar mai haɗa manhaja dala 25 sau ɗaya tak, ta zaɓi yaren Java wanda ɗaliban kwamfuta suka riga suka iya, ta kuma ware dala miliyan 10 don gasar manhajoji tun wayar ba ta shiga kasuwa ba. Samsung da HTC da Motorola da LG da daga baya kamfanonin Sin suka cika duniya da Android a kowane farashi. Apple ta kama masu kuɗi, Google ta kama jama'a, filin da ya rage wa na uku ya yi ta ƙanƙancewa.

Nokia ta shiga wannan gasa tana kan gaba nesa ba kusa ba, domin a 2007 fiye da rabin wayoyin zamani na duniya Symbian ke tafiyar da su. Abin da ya ci ta shi ne rarrabuwar gida. Ga S40 na ƙananan wayoyi, ga S60 mai nau'o'i daban-daban da ba koyaushe suke karɓar manhajar juna ba, ga Maemo da ya koma MeeGo. Kantinta na Ovi bai buɗe ba sai Mayun 2009. Ta sayi kamfanin da ke yin Qt, wani kayan aikin haɗa manhaja, a 2008, ta ce wa masu haɗa manhaja su koma kansa, rubutu ɗaya zai yi aiki a Symbian da MeeGo. Mutane sun fara koya ke nan, sai ranar 11 ga Fabrairun 2011 shugabanta Stephen Elop ya sanar cewa Nokia ta koma Windows Phone. Lumia ta farko kuwa ba ta fito ba sai Nuwamba. Watanni tara kamfanin yana sayar da wayoyin da shi da bakinsa ya ce ba su da gobe. Babu mai hankalin da zai zuba wata shida yana gina manhaja a kan irin wannan.

Labarin Windows Phone shi ne ya fi dacewa ka tsaya a kansa, domin Microsoft tana da duk abin da ake cewa ana buƙata: kuɗi, ƙwararru, kayan aikin haɗa manhaja da masana suka yaba, ga kuma wayoyin Nokia masu kyamara mai kyau. Duk da haka rabonta a kasuwar duniya bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba ko a ganiyarta. Dalili na farko, ta yi ta rushe ginin masu haɗa manhaja. Windows Phone 7 da ya fito a Oktoban 2010 ba ya karɓar manhajojin tsohuwar Windows Mobile ko ɗaya. Shekara biyu bayan nan Windows Phone 8 ya zo da sabon tushe, aka ce duk wayar da ke kan 7 ba za ta hau 8 ba, har da Lumia 900 da aka fara sayarwa 'yan watanni kafin sanarwar. A 2015 kuma aka sake sabon tsari da Windows 10 Mobile, wayoyi da yawa suka sake zama a baya. Mai haɗa manhaja yana iya yafe wa dandali ƙarancin mutane na ɗan lokaci, amma ba ya manta wanda ya sa shi sake gini sau uku.

Dalili na biyu lissafin kuɗi ne, kuma nan ne mutane ke kuskure. Suna zaton haɗa manhaja aikin yini ɗaya ne kamar ɗinkin riga, a gama a miƙa. Manhaja kiwo ce. Kullum akwai gyaran kurakurai, da amsa ƙorafin masu amfani, da bin sauye-sauyen babbar manhaja, da ƙara sabon abu a duk lokacin da aka ƙara a sauran. Microsoft ta biya kamfanoni kuɗi su yi mata manhaja, wasu ma ita ta rubuta musu. Kuɗin kan biya ginin farko, amma ba ya biyan albashin wanda zai ci gaba da kiwon shekara da shekaru saboda mutum uku cikin ɗari. Sai manhajar ta tsaya a bugu na farko, ta Android da iPhone suna ta gaba. Joe Belfiore, ɗaya daga cikin shugabannin sashen, shi da kansa ya amsa a Oktoban 2017 cewa sun biya, sun rubuta, amma yawan masu amfani bai kai kamfanoni su zuba jari ba.

A 2014 kantin Windows Phone ya haura manhajoji 300,000, kuma wannan adadi bai amfane shi da komai ba. Mai sayen waya ba ya ƙirga manhajoji. Je ka tsaya a gaban wani shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka saurari ciniki: mutum zai juya wayar a hannunsa, ya tambayi ram da girman batir, sannan ya ce, "Tana yin manhajar bankina? TikTok fa?" Manhajoji goma zuwa ashirin ne ke yanke hukunci, kuma idan ɗaya ta ɓace ciniki ya watse. Instagram bai iso Windows Phone ba sai Nuwamban 2013, shekara uku bayan iPhone, kuma a matsayin na gwaji. Snapchat bai taɓa zuwa ba. Google ta ƙi yin manhajar YouTube, da Microsoft ta yi tata sai aka toshe ta a Agustan 2013. Microsoft ta kammala sayen sashen wayoyin Nokia a Afrilun 2014, a Yulin 2015 ta rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kansa.

BlackBerry kuwa mu a Najeriya mun ga tashenta da idonmu, lokacin da musayar lambar PIN ta BBM, manhajar hirar BlackBerry, ta zama gaisuwar matasa. BBM ɗin shi ne igiyar da ta ɗaure mutane, kuma WhatsApp ya tsinke ta domin yana aiki a kowace waya da lambar layi kawai. Sabuwar babbar manhajarsu, BlackBerry 10, ba ta fito ba sai Janairun 2013, ihu bayan hari. Sun shirya gangami suna biyan dala 100 kan kowace manhajar da aka kwaso aka sa a kantinsu, abin da ya tara musu tarkace masu yawa. Sun kuma ba wayar damar buɗe manhajojin Android, dabarar da ta zama tarko: idan manhajata ta Android tana buɗewa a wayarka ko da da ɗingishi, me zai sa in rubuta maka taka ta musamman? A 2015 suka saki Priv mai Android, a 2016 suka daina ƙera waya da kansu. Ƙarshen kowane ɗayan dandalin nan kusan ranar da WhatsApp ya janye ne: Symbian a tsakiyar 2017, BlackBerry a ƙarshen 2017, Windows Phone a ƙarshen 2019. Palm da webOS, Bada da Tizen na Samsung, Firefox OS, duk ramin ɗaya suka faɗa.

Akwai abin da ya kamata ka sani a matsayinka na mai haɗawa, wanda masu saye ba sa gani. Ana cewa Android kyauta ce kuma a buɗe take, gaskiya ne, amma gangar jikin ce kawai. Taswira, da isar da sanarwa zuwa waya, da gano wurin da mutum yake, da shiga da asusun Google, da karɓar kuɗi a cikin manhaja, duk suna cikin wani kunshi da ake kira Google Play Services, wanda mallakar Google ne kuma sai da lasisinta ake sa shi a waya. Yawancin manhajoji a kansa suka jingina. Shi ya sa Fire Phone ta Amazon a 2014, duk da a kan Android aka gina ta, ta rasa manhajojin da mutane ke nema, kamfanin ya yi asarar dala miliyan 170. Shi ya sa kuma da Amurka ta sa wa Huawei takunkumi a Mayun 2019 wayoyinta suka daina zuwa da manhajojin Google, cinikinta a wajen ƙasar Sin ya rushe alhali wayoyin ba su rage kyau ba. A cikin Sin labarin daban ne, domin can dama Google Play ba ya aiki. Huawei ta gina HarmonyOS, a 2024 ta fitar da bugun da ba ya karɓar manhajar Android kwata-kwata, ta bi manyan kamfanonin ƙasar ɗaya bayan ɗaya su rubuta nasu. A ganina wannan ne kaɗai yunƙurin dandali na uku da ke da ƙafar tsayawa, kuma dalilin shi ne kasuwa ce mai mutum fiye da biliyan ɗaya wadda manhajojinta ashirin ɗin nan duk 'yan gida ne.

Tsakanin biyun da suka rage, gasar yanzu ta kawuna ce da aljihu. A duniya kusan waya bakwai cikin goma Android ce, iPhone ba ta kai uku ba. Amma a Amurka iPhone ta haura rabi, a Japan ma tana da ƙarfi sosai, kuma kuɗin da mutane ke kashewa a App Store ya fi na Google Play yawa sosai. Wannan ne ya sa kamfanonin Amurka ke fara sakin manhaja a iPhone: Instagram ya yi wata 18 kafin ya zo Android a Afrilun 2012, Clubhouse ya zo a Mayun 2021 bayan tashensa ya fara sanyi, manhajar ChatGPT ta fito a iPhone a Mayun 2023, Android ta samu a Yuli. Kada wannan ya ruɗe ka. Su inda abokan cinikinsu suke suka bi.

Rigimar kamasho ma ta shafe ka. Bayan Epic Games ta kai Apple da Google kotu a Agustan 2020 kan cire wasan Fortnite, sai kamfanonin biyu suka sassauta wa ƙanana: daga Janairun 2021 Apple na karɓar kashi 15 daga wanda cinikinsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, amma sai ka nemi shiga shirin da kanka, ba ya zuwa haka kawai. Google ma a Yulin 2021 ta koma karɓar kashi 15 a kan miliyan ɗaya na farko, nan ma sai an yi rajista. Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple barin wasu kantuna su shiga iPhone daga Maris na 2024, dokar da ke aiki a ƙasashenta kaɗai. Sharuɗɗan nan suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, ka karanta na ranar da za ka saki manhajarka.

Yanzu ga taka tambayar. Idan mutanen da kake haɗa wa manhaja suna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram, fara da Android, babu ja a nan. Fiye da waya takwas cikin goma a Najeriya Android ce, kuma kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel shi kaɗai yana riƙe da kusan rabin cinikin wayoyin zamani a Afirka. Za ka fara da iPhone ne kawai idan kuɗinka zai fito daga biyan kuɗin wata-wata na mutanen Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, ko kuwa wani kamfani ne ya ba ka kwangila ya ce haka yake so. Shawarar da na fi ba mai ƙaramin jari ita ce ya rubuta da kayan aikin haɗa manhaja irin Flutter ko React Native tun farko, ya saki ta Android, ya ajiye ta iPhone sai buƙata ta taso. Rubutu ɗaya ne ke fitar da biyun, ko da yake abin da ya shafi kyamara da sanarwa da biyan kuɗi sai ka taɓa kowanne daban. Idan manhajar za ta yi aiki mai nauyi da sassan waya, ko kana son ta yi ƙanƙanta matuƙa, Kotlin, yaren rubuta manhajar Android, ya fi.

Kuɗin shiga Google Play dala 25 ne sau ɗaya, da katin da ke biyan dala, da katin shaida mai suna daidai da na asusun. Saɓanin suna tsakanin katin banki da katin shaida na daga cikin abubuwan da suka fi maƙale rajista. Idan asusun na mutum ɗaya ne kuma an buɗe shi bayan 13 ga Nuwamban 2023, ba za a bar ka ka saki manhaja ga jama'a ba sai ka yi rufaffen gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere. Nemi mutum 20, domin wani zai fita, wani wayarsa za ta lalace, adadin ya faɗi ƙasa da 12 lissafi ya koma baya. Kuma su riƙa buɗe manhajar da gaske, saboda a ƙarshe za a tambaye ka abin da gwajin ya nuna da abin da ka gyara. Asusun kamfani ba ya bin wannan layi, amma yana buƙatar lambar shaidar kamfani da ake kira D-U-N-S, wadda kyauta ce sai dai takan ɗauki makonni. Tun Agustan 2021 sabuwar manhaja da wani nau'in fayil mai suna AAB ake ɗora ta. Makullin sa hannunka kuwa, wato fayil ɗin sirrin da ke shaida cewa manhajar taka ce, ajiye shi wuri biyu da kalmar sirrinsa, ka kuma bar Google ta riƙe babban makullin, don idan naka na ɗorawa ya ɓata a iya sauya maka. Kowace shekara, wajen ƙarshen Agusta, ana ɗaga matakin Android da dole manhaja ta dace da shi, wanda ya yi sakaci sabbin wayoyi su daina ganin manhajarsa a kanti.

Wayar da za ka yi gwaji da ita ta fi kwamfutar da ka yi rubutu da ita muhimmanci. Sayi mafi arha da abokan cinikinka ke riƙewa, mai ram 2GB da ma'ajiya 32GB, ka cika ta da hotuna da bidiyon WhatsApp har ta fara kukan wuri, ka mayar da layin kan 3G, sannan ka buɗe manhajarka. A nan za ka ga gaskiya: farin allo na daƙiƙa shida, hoton da ya ƙi saukowa, maɓallin da aka danna sau uku aka tura oda uku. Idan manhaja ta daskare kusan daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba, Android na fito da saƙon a rufe ta ko a jira, kuma Google na ƙirga wannan. Idan masu gamuwa da daskarewa suka wuce kashi 0.47 cikin 100 na masu amfani a rana, ko masu gamuwa da mutuwar manhaja suka wuce kashi 1.09, ana rage nuna ta a kanti. Sababin kusan kullum ɗaya ne, wato an ɗora aiki mai nauyi, kamar karanta rumbun bayanai ko jiran intanet, a kan ɓangaren manhajar da ke zana fuska. Mayar da shi bayan fage.

Girman manhaja ma ciniki ne. Mai sayen data ta naira ɗari biyu yana duba megabait kafin ya danna, kuma ranar da waya ta cika, manhaja mafi nauyi ake fara gogewa. Facebook da kansa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda irin kasuwarmu. Matse hotuna, cire kunshin rubutun wasu (libraries) da ka aro ba ka amfani da su, ka sa abin da mutum ya riga ya sauke ya buɗu ba tare da intanet ba. Wata matsalar da za ta same ka ita ce sanarwa. Kamfanonin waya da dama suna sa tsarin tanadin batir mai kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye, sai mai manhajar lokutan salla ya ga kiran salla bai tashi ba, mai manhajar ciniki ya ga saƙon oda ya iso bayan awa biyu. Maganin shi ne ka bi hanyoyin da Android ta tanada don ƙararrawa da aikin bayan fage, ka kuma sa shafi guda da ke nuna wa mutum, da hoto, inda zai shiga ya cire manhajarka daga jerin waɗanda ake kashewa. Idan manhajar ta Hausa ce, gwada ƙ da ɗ da ɓ a kan tsofaffin wayoyi, kuma ka sa akwatin bincike ya ɗauki "kasa" da "ƙasa" a matsayin abu ɗaya, domin yawancin mutane ba sa rubuta lanƙwasa.

Ka kuma sani cewa a wajenmu kanti ba shi kaɗai ne hanya ba. Manhajarka za ta yi yawo ta Xender daga waya zuwa waya, masu tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa ma za su zuba wa mutane ita. Wannan talla ce kyauta, amma tana nufin tsohon bugu zai daɗe a hannun jama'a, wani ma a yi masa kutse a cusa talla. Sa manhajar ta riƙa tambayar sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe maka bayanai a intanet, ko bugunta ya tsufa, ta nuna hanyar sabuntawa, kuma duk wani hukunci da ya shafi kuɗi a sabar za a yanke shi, kada a bar shi a cikin waya.

Batun samun kuɗi, bambance kaya biyu. Abin da ake amfani da shi a cikin manhaja, kamar buɗe darasi ko cire talla ko kuɗin wata, a ƙa'ida ta hanyar biyan kuɗin kantin ake sayar da shi, a cire kamasho. Kayan zahiri da hidima, kamar atamfa ko abinci ko kuɗin mota, babu ruwan Apple da Google da su, kana iya karɓa ta kamfanonin karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave, ko tura kuɗi ta banki. Masu sayar da darasi su lura da wannan sosai, domin cusa wata hanyar biya a ɓoye na iya jawo a cire manhaja. Idan talla za ka dogara da ita, AdMob, tsarin tallar Google, ba ya biya sai kuɗinka ya kai dala 100, kuma abin da ake biya kan mai kallo a Najeriya ko Nijar ya yi ƙasa sosai da na mai kallo a Amurka, don haka sai da jama'a masu yawa take ciyar da mutum. Kada ka taɓa danna tallarka, kada ka ce 'yan'uwa su danna maka, rufe asusu ake yi kuma da wuya a buɗe.

Ranar da ka tashi shiga iPhone, tanadi dala 99 duk shekara, idan ka daina biya manhajar ta sauka daga kanti. Xcode, kayan aikin haɗa manhajar iPhone, a kan kwamfutar Mac kaɗai yake aiki, amma akwai kamfanonin da ke ba da hayar Mac ta intanet su haɗa maka fayil ɗin. Duk da haka nemi iPhone ta gaske ko ta hannu ce, ka raba gwaji ta TestFlight, manhajar gwaji ta Apple. Mutum ne ke duba manhaja a Apple, kuma abubuwan da suka fi sa a dawo da ita sanannu ne: ba ka ba su asusun gwaji da za su shiga da shi ba, ko manhajar shafin intanet ce kawai aka naɗe, ko ana buɗe asusu amma babu maɓallin goge shi, wanda ya zama dole tun Yunin 2022, ko ka nemi izinin kyamara ko na gano wurin da mutum yake ba ka rubuta dalili ba. Idan akwai Hausa zalla a ciki, rubuta wa mai dubawa bayani da Turanci a akwatin da aka tanada, ka nuna masa abin da kowane shafi ke yi.

Abu na ƙarshe da tarihin can ya shafe ka kai tsaye: waɗanda suka gina komai nasu a cikin Symbian ko BlackBerry 10 sun tashi a tutar babu, waɗanda kuwa asusun mutanensu da bayanansu ke kan sabar kansu sabuwar fuska kawai suka ɗinka suka ci gaba. Ko yau ana rufe asusun mai haɗa manhaja a kan kuskuren ƙa'ida, wani lokaci ma saboda alaƙa da wani asusun da aka taɓa rufewa, shi ya sa bai kamata ka ari asusun wani ko ka ba da aron naka ba. Riƙe rajistar masu amfani da kai a wajenka, da lambar waya ko imel bisa yardarsu, ka kuma yi ƙaramin shafin intanet da ke yin ainihin aikin manhajar. Shafin nan zai riƙe maka masu iPhone kafin ka tara dala 99 ɗin, ya kuma riƙe kowa da kowa a makon da kake jiran a amsa ƙorafinka.